Jarka Shida a Gindin Dutse

Shekara tara na yi ina auna kayan alhazai kafin in taɓa sitiyarin jirgi da hannuna. Na faɗi haka tun farko ne don kada wani ya ɗauka ni ɗan gata ne. Sunana Nafi'u, aikina sikeli, a filin jirgin Kano, kuma sau uku ana tura ni Jidda lokacin jigilar dawowa. A ɗora jaka, in duba, in ce ta yi nauyi, a zage ni, a rage. In jirgi ya tashi kuwa sai in bi shi da ido har wuyana ya ƙage. Da na ci cacar bizar Amurka kowa a gidanmu ya ce in je in tara abin duniya, ni kuwa abu ɗaya na je nema, in zama matuƙin jirgin sama.

Zangona na farko Lanham ne, a jihar Maryland, gidan Alhaji Mamman, mutumin Maraɗi, direban tasi, tsohon abokin kawuna. Ya ba ni ɗaki a ƙarƙashin gida kusa da injin wanki. Mutumin kirki ne, sai dai bai yarda da abin da ya kawo ni ba. Kullum in muna cin tuwo sai ya ce in bar wannan shirme na jirgi in karɓi mota kamar kowa, ai tasi ma tuƙi ne, kuma in ta mutu maka a hanya sai ka fito ka tsaya da ƙafarka. 'Ya'yansa in na yi musu Hausa su amsa mini da Turanci. Kewar gida ta dame ni ƙwarai a watannin nan, har na riƙa kiran Inna ba don ina da abin faɗa ba, sai don in ji awakinmu suna kuka a bayanta.

Makarantar farko da na shiga ba zan kama sunanta ba. A can agogon da ake caji da shi yana fara tafiya ne daga lokacin da aka kunna injin, ba daga lokacin da jirgi ya bar ƙasa ba. Malamina saurayi ne mai fara'a. Sai ya sa na kunna, sannan ya tuna yana da labari. Mu yi ta gangarawa a ƙasa yana ba ni tarihin budurwarsa da karensa, ni kuwa baƙo makahon gari, ina ta yassa-yassa. Wata huɗu aka yi ana haka kafin wani bakanike ya ja ni gefe ya tambaye ni ko tuƙin jirgi na zo koya ko tuƙin amalanke. Ran nan zuciya ta ɗebe ni, na shiga ofis na faɗa musu abin da ke bakina, rabi da Turanci rabi da Hausa. Ban sake komawa ba.

Daga nan sai Manassas, a Virginia, inda na samu aikin zuba wa ƙananan jirage mai. A nan na koma karatu wurin wata malama mai tsare gida, wadda ba ta da labarin kowa. Koyon tuƙi kusa da Washington ba wasa ba ne. Akwai wani zobe da aka zana wa birnin a taswira, ba ka shiga ba ka fita sai da izini da lambar da za a ba ka ta rediyo, in ka kuskure kuwa jiragen yaƙi ne za su zo yi maka sallama. Ga shi ni baƙo, Musulmi, da tabon sallah a goshi. An ɗauki zanen yatsuna, an bincike ni ciki da bai, kuma ko bayan an wanke ni akwai masu jirgin da in na ce ina koyon tuƙi sai murmushinsu ya tsaya rabi. Na ji haushi, na haɗiye, don ba su na zo gani ba.

A cikin masu jirgin akwai wani dattijo Bature, Mista Walter, ya haura saba'in, ƙato, mai ƙaramin jirgi fari mai kujera huɗu. Wata rana ana sanyi ya tarar da ni ina sallah a bayan motar mai, a kan kwali. Washegari ya nuna mini wani lungu a rumfar jirginsa ya ce nan iska ba ta shiga. Daga nan muka saba.

Bayan shekara biyu da rabi na samu lasisina na farko. Na yi murna har na yi hawaye a cikin mota. Amma lasisin nan na mai tuƙa kansa da abokansa ne, ba na mai neman aiki ba. Kafin a ba ka na aiki sai ka tara awa ɗari biyu da hamsin a sama, ni kuwa ko tamanin ban kai ba, kuma hayar jirgi ta awa biyu tana cinye guminka na mako. Na lissafa na ga sai na yi furfura. Na yi wa kaina alkawari, in shekara ta ƙare ban samu mafita ba, zan karɓi motar Alhaji Mamman in rufe babin.

Ana nan sai Mista Walter ya kira ni rumfarsa. Likita ya sa masa wata na'ura a zuciya, kuma hukuma ta hana shi tuƙi. Ya ce shekara talatin da ɗaya bai taɓa fashin zuwa wani wurin ziyararsu na 'yan Katolika ba, can arewacin Maryland a gindin dutse, inda akwai kogo da maɓuɓɓugar ruwa, kuma kullum da jirginsa yake zuwa. Matarsa ce abokiyar tafiyar, yanzu tana kwance a gidan jinya, shi ne ke kawo mata ruwan. Ya ce in na kai shi na dawo da shi ya ga kamun hannuna, zai bar mini jirgin in riƙa tashi, mai kawai zan zuba. Ban san lokacin da na ce na yarda ba.

Sai da na leƙa cikin jirgin na ga abin da ya tsaya mini a rai. A jikin allon agogunan an manna wata 'yar lamba ta azurfa, ba ta wuce kwabo ba, da hoton wani mutum cikin doguwar riga ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa. Mista Walter ya ce waliyyinsu ne na matuƙa jirgi, wani mai bauta na zamanin da, wanda aka ce in ya dulmuya cikin addu'a sai a ga ya tashi sama. Ya ce tun ranar da ya sayi jirgin lambar take nan.

Na kai wa Alhaji Mamman maganar, ina zaton zai ce a'uzubillahi. Sai ya ci gaba da shan shayinsa.

“Jirginka ne?” ya tambaye ni.

Na ce a'a.

“To ni shekara ashirin ina kai mutane coci ran Lahadi, ban taɓa shiga ba, ba su taɓa hana ni sallata ba. Ka yi addu'arka ta hawa abin hawa, su yi tasu. Kai dai ka sauko da tsohon mutane lafiya.”

Ranar tafiya ta faɗo a tsakiyar bazara, Asabar. Mista Walter ya zo da fasinja ta biyu, wata 'yar cocinsu daga Upper Marlboro, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Mama Ngozi. Ina gaishe ta da Turanci sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Kai ɗan nan, daga ganin goshinka Bakano ne. Wace unguwa?” Ashe a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gishiri. Rabon da in ji an ce mini ɗan nan tun ina gida, sai na ji kamar in rungume ta.

Amma aiki aiki ne. Ƙaramin jirgi yana da iyakar nauyin da zai ɗauka, don haka dole in san nauyin kowa. Na ce mata Mama, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kilo nawa? Ta faɗi wata lamba wadda ina jin tun kafin ta yi haihuwar fari ta rabu da ita. Ban yi musu ba, na ƙara mata goma sha biyar a zuciyata na rubuta.

Tafiyar zuwa ta yi daɗi. Na karanta addu'ata, su biyu suka yi alamar gicciye, hasumiyar filin jirgi ta ba mu lamba, muka fita daga zoben Washington muka nufi arewa. Kogin Potomac ya wuce ƙarƙashinmu, gonakin masara suka biyo. Mama Ngozi ta riƙe carbinta ta kuma riƙe bayan kujerata, tana ba ni labarin kasuwar Sabon Gari da ƙarfi don ta danne tsoro. Filin da muka sauka na wani manomi ne, ciyawa ce ba kwalta ba, gajere, kuma a ƙarshensa dogayen itatuwa sun yi layi. Na sauke jirgin lami lafiya, Mista Walter ya gyaɗa kai. Na ce a raina rabin aiki ya ƙare.

Manomin ya kwashe su a motarsa zuwa wurin ziyarar, ni na tsaya da jirgi. Na yi azahar a inuwar fiffike. Sannan na taka filin da ƙafa daga farko har ƙarshe ina ƙirga taku, don rana ta fara dukan ƙeya kuma iska ta tsaya cik. Duk matuƙi ya san zafi yana sa iska ta yi laushi, injin ya rasa ƙarfi, fiffike ya rasa abin kamawa. Ciyawar ma ta yi tsawo. Na lura da wani turken shinge mai farin fenti a daidai rabin filin, na riƙe shi a raina.

Wajen ƙarfe uku motar ta dawo, kuma tun daga nesa na ga yadda bayanta ya zauna. Kuskurena ne, kuma ni ne mutum na ƙarshe a duniya da ya kamata ya yi shi. Na lissafa nauyin tafiya, ban lissafa na dawowa ba, alhali na fi kowa sanin cewa mai ziyara ba ya komawa gida yadda ya fito. Jarka shida suka sauke, kowace lita goma, cike da ruwan maɓuɓɓuga. Biyu na Mista Walter, huɗu na matan cocin Mama Ngozi, kowace da suna a jiki. Ga kwalin kyandir, ga wani mutum-mutumin Maryamu na siminti naɗe a tawul.

Na ɗaga jarka ɗaya, na ɗaga kwalin. Hannuna ba ya buƙatar sikeli. Sannan na ce Mama ta kawo jakar hannunta in taya ta riƙewa. Ta noƙe, na miƙa hannu, ta ba ni tana harara. Kafaɗata ta kusa gocewa. Kwalabe bakwai ne a ciki.

Na koma gefe na yi lissafi a takarda sau biyu. Mun wuce iyaka, kuma ko da ba mu wuce ba, da zafin nan da ciyawar nan itatuwan sun yi mana kusa. Na zo na gaya wa Mista Walter cewa ruwan ba zai hau ba.

Fuskarsa ta yi ja. Ya ce shekara talatin da ɗaya yana tashi daga filin nan, ya san jirginsa kamar tafin hannunsa, ya sha ɗaukar abin da ya fi haka. Na ce ba a rana irin ta yau ba, kuma ba da mutum uku ba. Ya ce masu rubuta littafin jirgi kullum suna barin rara. Na ce rarar ba tawa ba ce balle in kashe ta. Sai ya nuna cikin jirgin da yatsa, ya ce wancan da ke manne a allo bai taɓa barinsa ya faɗi ba.

A nan ne bakina ya riga hankalina, kamar yadda ya saba.

“Mista Walter, ina girmama waliyyinku. Amma kai da bakinka ka ce mini shi kaɗai yake tashi. Ba ka ce ya taɓa tashi da jarka shida ba.”

Mama Ngozi ta kusa yin dariya, ta mayar da ita tari. Shi bai yi ba. Ya dube ni ya ce jirginsa ne, ruwan matarsa ne, kuma in tuna abin da muka yi magana a kai. Na gane sarai. Awa ɗari da saba'in ɗina ne yake riƙe da su a hannu, kuma ina ji ina gani za su zube a ciyawar wani manomi. Wallahi na yi tunanin in loda. Na ce wataƙila ya tashi, ai tsohon ya fi ni sani. Amma na tuna matuƙin da ke kujerar hagu shi ke da alhakin rayukan da ke ciki, ba mai jirgi ba.

“Jirginka ne,” na ce masa, “amma yau ni ne matuƙi. Da ruwan nan ba zan kunna injin ba. In ka so mu kwana a nan, in ka so a nemo wani.”

Ya juya mini baya. Na koma kan Mama da dabarar da na sani, don ba a ce wa mai ziyara ya zubar da abin da ya ɗebo. Na ce kowa ya ɗauki kwalba ɗaya a hannu, sauran a ajiye a rumbun manomin, za su biyo baya.

“Ɗan nan,” ta ce, “ni ma 'yar Najeriya ce. Na san ma'anar za su biyo baya.”

Na ce ta yarda da ni sau ɗaya. Ta daɗe tana kallon itatuwan, sannan ta kalli jarkokin, ta ce ita dai jikokinta shida, kuma ba wanda ya aiko ta ta mutu saboda ruwan Madam Philomena, wadda sunanta ke jikin jarka ɗaya. Da hannunta ta fitar da kwalabe biyar daga jaka, ta miƙa wa Mista Walter ɗaya cikin biyun da suka rage ta ce ta matarsa ce. Ya karɓa bai dubi kowa ba. Manomin ya kwashe sauran.

Na kai jirgin can ƙarshen filin har wutsiyarsa ta kusa taɓa shinge. Na taka birki, na tura totur har ƙarshe, jirgin ya ɗauki rawa, na duba agoguna, na saki. Ya fara tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Ciyawa tana riƙe tayoyi, gudu yana hawa a hankali, idona ɗaya a kan agogon gudu ɗaya a kan farin turken nan. Na riga na yanke cewa in muka kai shi gudun bai cika ba zan kashe in tsaya. Muka kai shi, allurar tana daidai inda nake so, ba ƙari ko kaɗan. Na ci gaba. Jirgin ya bar ƙasa da ƙyar, na riƙe shi ƙasa-ƙasa ya ƙara gudu, itatuwan suna girma a gilashi. Na ga hannun Mista Walter ya taso zai kama sitiyarin gabansa, sai ya mayar da shi kan cinyarsa. Mama tana kiran Yesu da Maryamu a baya, ni ina hasbunallahu a gaba. Na ja sitiyari a hankali.

Muka wuce. Na ga ganyen reshen ƙarshe ɗaya bayan ɗaya, har da wata sheƙar tsuntsu. Da an ƙara mana ko jarka biyu, ban san abin da zan ba da labari ba.

Can muka hango Potomac. Na kira rediyo aka ba mu izinin shiga zobe, muryata ba ta yi rawa ba, ko da yake rigata ta jiƙe sharkaf. Na sauke jirgin a Manassas, tayoyin suka taɓa kwalta ba ko gargada. Mama ta fito ta dafa kaina ta ce Allah ya yi mini albarka, da Hausa, yadda Inna take faɗa.

Mista Walter ya shige rumfa. Na tura jirgin ciki, na sa masa waigi a tayoyi, na goge gilashi, duk don in ja lokaci. Raina ya ɓaci matuƙa, amma ban yi nadama ba. Na ce shi ke nan, tasi ma sana'a ce. Na je inda yake zaune da kwalbar a hannu, na miƙa masa makulli.

Bai karɓa ba. Ya daɗe yana juya kwalbar.

“Da ni ke tuƙi, da na loda su,” ya ce. “Da yanzu ana sauko da mu daga kan itace. Shekara arba'in ba wanda ya taɓa ce mini a'a a cikin jirgina.”

Ban san ko yabo ne ko ƙorafi ba.

Ya kama hannuna ya naɗe yatsuna a kan makullin. “Asabar ka koma ka kwaso ruwan, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Kai kaɗai. In ka dawo kada ka kawo mini wannan, ba ni da inda zan je da shi.”

Awa ɗari da saba'in da ɗoriya na yi a jirgin nan cikin wata goma sha huɗu, kuma yau da lasisin aiki nake ci da iyalina. Amma a duk awannin ba wadda ta kai ta Asabar ɗin nan daɗi. Na isa da hantsi, raɓa ba ta bushe ba. Ni da manomin muka jera jarkokin a kujeru, muka ɗaure su da bel kamar mutane, Maryamu ta siminti a tsakiyarsu cikin tawul ɗinta. Tun kafin farin turken jirgin ya tashi, itatuwan suka wuce can ƙasa. Na yi ta dariya ni kaɗai har Manassas, fasinjojina shida ba wanda ya yi mini gardama.